Minti Hamsin a Hawa na Huɗu

Shafi na 9

Masu cewa na ja muku rai, ga shi. Wanda yau ya fara karantawa ma ba zai ɓata ba.

Yaya ne ya tuƙa. Ban roƙe shi ba. Na fito da safe na tarar da motarsa a ƙofar gida, inji na aiki, ya kwantar da kujera yana jira. Matata ta leƙo ta taga ta gaishe shi, ya amsa bai ɗago ba.

Wata uku ke nan da Gauraka, abokin aikinmu, ya rasu a ramin lifta. Kamfanin gyaran lifta da muke wa aiki ya rubuto cewa duk wanda yake wurin a ranar sai ya ga mai ba da shawara kan lafiyar ƙwaƙwalwa kafin a sake barinsa ya shiga rami. Mu biyu ne a wurin, ni da Yaya. Shi ne shugaban aiki, kuma ya je nasa tun makon jiya. Ya ce minti goma ya yi, ya sha ruwansu, ya gode, ya fito. Saura ni.

A hanya ya sake biya min karatun jiya. In ce ina barci. In ce ina cin abinci. In an tambaye ni labarin ranar, in faɗi abin da ke cikin rahoto: Gauraka ya shiga rami bai kashe wuta yadda doka ta ce ba, lifta ta sauko. Ya ce mutanen nan kunnuwan kamfani ne, turare kawai aka fesa musu. Za su yi ta yi maka murmushi har ka zazzage cikinka, washegari ka tarar da maganarka a teburin manaja.

"Baki shi ke yanka wuya, Auta."

"Na ji."

"Ji ba wuya. Riƙewa nake so."

Rahoton ƙarya ne. Ya sani, na sani, kuma ban da mu babu mai rai da ya sani.

Ofishin mai ba da shawarar yana hawa na huɗu. Yaya ya danna maɓallin lifta, ni kuma na nufi matakala. Ya kamo gwiwar hannuna. Ya ce ɗan masunci da gudun ruwa, wannan kaɗai ya isa su rubuta cewa na zare. Ya tura ni ciki.

Shekara tara ina wannan aiki. Na san kowace ƙara. Na ji birki ya saki, na ji igiya ta ɗauki nauyi, na ji wata 'yar gogayya a hawa na biyu da ya kamata a duba. Ina ta tunanin ƙarƙashin ƙafata, ko akwai mutum. Kafin ƙofa ta buɗe rigata ta manne da bayana.

Ɗakin jira ƙarami ne. Kujeru biyar, tulun ruwan sanyi, da wata sakatariya mai tabarau rataye da zare a wuya. A ƙasa, daidai bakin wata rufaffiyar ƙofa, an ajiye 'yar rediyo tana magana ƙasa-ƙasa. Yaya ya tambaya ko ba su da tebur ne da za su ajiye rediyo a ƙasa. Sakatariya ta ce da gangan ne, don kada mai jira ya ji abin da ake faɗa a ciki.

Yaya bai yi dariya ba. Ya ja kujerar da ta fi kusa da ƙofar ya zauna.

Ta miƙo min fom da biro. Kafin in karɓa Yaya ya karɓe. Tun ina yaro haka yake, takarda ba ta isowa hannuna sai ta bi ta nasa. Ya ɗora fom a gwiwa yana karantawa a fili. A mako biyun da suka wuce, kwana nawa ka kasa barci? Ya ja layi a kan ko ɗaya. Kwana nawa gabanka ya faɗi ba dalili? Ko ɗaya.

"'Kana jin ba ka da wani amfani?' Wannan sai dai a tambayi Umma." Ya dubi sakatariya yana jiran ta dara. Ta ci gaba da aikinta.

Ƙofa ta buɗe. Na zaci zan ga farar riga. Wata 'yar gajeruwar mata ce, ta kusa hamsin, da takalmi marar tsini da littafi a hannu. Ta kira ni. Mu biyu muka tashi.

Ta ce mutum ɗaya take gani. Yaya ya ce a gidanmu ba mai ganin likita shi kaɗai. Ya ce tun da mahaifinmu ya rasu shi ke kai ni ko'ina, ko haƙori aka cire min yana tsaye a kaina.

"Ni na raine shi, Likita. Babu abin da zai faɗa miki da ban sani ba."

"To ka ga ba za ka rasa komai ba in ka jira."

Ta faɗa da fara'a, amma ba ta matsa daga bakin ƙofa ba. Yaya ya dube ni. Kallon nan nasa ne na ranar da na fasa masa madubin mota ina shekara goma sha biyu. Na shiga. Ta rufe ƙofa, maganar rediyo ta koma kamar daga wani gida.

Idona ya fara neman gado. Na ji ana cewa suna kwantar da mutum, wasu ma har da ɗauri. Na nemi tiren allura. Babu. Kujeru biyu ne masu laushi suna ɗan fuskantar juna, ƙaramin tebur a tsakani, kwalin tishu, kofin ruwa, agogon bango. Can gefe teburin rubutu. Ta ce in zaɓi kujerar da nake so. Na zaɓi wadda ke kallon ƙofa.

Ta ce ita ba likita ba ce, ba ta ba da magani, ba ta yin allura. Magana ce aikinta. Sai na koma kiranta Malama. Ta ce minti hamsin ne, sau ɗaya a mako, za mu fara da zama shida mu ga inda muka kwana. Ba dole in faɗi komai yau ba. In na ga dama in yi shiru har agogo ya cika, wasu sun yi hakan kuma sun dawo. Ta ce kada in yi mamaki in na fita yau na ji abin ya fi yi min nauyi, don miki in an kwance shi yakan fi zafi kafin ya fara kamewa. In kuma na ga jininmu bai haɗu ba, in faɗa, za a ba ni wani, ba za ta ji haushi ba.

Duk wannan ban damu da shi ba. Tambaya ɗaya na zo da ita.

"Me za ki rubuta wa kamfani?"

"Ka zo ko ba ka zo ba. A ƙarshe kuma, ko ina ganin ka shirya komawa aiki. Ba sa ganin littafina."

"Ko manaja ya tambaya?"

"Ko shi. Ko yayanka. Ko matarka."

Na fara sakin numfashi, sai ta ɗaga yatsu biyu.

"Wuri biyu ne alkawarin nan ba ya kaiwa, gara ka sani tun kafin ka buɗe baki. In na ga ranka ko ran wani yana cikin haɗari, ba zan zauna a kai ba. In kuma kotu ta nemi abin da na rubuta, ba ni da ikon hanawa. Amma ba zan yi komai a bayan idonka ba."

Kotu. Na ɗauki kofin ruwa, na mayar ban sha ba.

Ta duba fom ɗin. Ta juya bayansa. Ta tambaya ko rubutuna ne. Na ce na Yaya ne. Ta zaro sabo daga cikin littafinta ta miƙo min, ta mai da idonta taga.

Na yi niyyar kwafe amsoshinsa. Biron ya ƙi. Kwana nawa ka kasa barci? Kusan kullum. Kana guje wa wuraren da ke tuna maka? Kusan kullum. Ka taɓa jin gara ba ka raye? Na daɗe a kan wannan. Na ja layi a kan wasu kwanaki.

Ta karanta. Ta tambaye ni kai tsaye ko na taɓa shirya yi wa kaina wani abu. Na ce a'a, tunani ne kawai yake wucewa kamar mota a titi. Ta ce ta ji, kuma za ta sake tambayata kowane mako, kada in ɗauka zargi ne.

Sai ta yi shiru.

Ban taɓa sanin shiru yana da nauyi haka ba. A gidanmu ba a barin shiru ya kwana, wani zai cike shi da tsokana ko faɗa. Nan kuwa agogo kawai. Na ƙirga daƙiƙa arba'in. Na biya karatun Yaya: ina barci, ina cin abinci, Gauraka ya shiga rami bai kashe wuta yadda doka ta ce ba. Ga fom a gwiwarta yana ƙaryata ni, amma ba ta nuna shi ba.

Ta ce ita ba ta san aikinmu ba. Lifta kawai take hawa ta sauka. Ta ce in koya mata, yaya ake kashe wuta yadda doka ta ce.

Wannan na iya. Bakina ya saki. Na ce ɗakin inji yana can saman bene, a nan akwatin wuta yake. Kafin mutum ya shiga rami sai ya hau ya sauke hannun akwatin, ya rataya kwaɗonsa ya kulle. Kowane ma'aikaci da nasa, ja ne, da sunansa a jiki. Makulli ɗaya ne tak, kuma yana aljihun mai shi. In mutum uku za su shiga, kwaɗo uku. Muddin akwai kwaɗo a jiki, hannun ba ya ɗaguwa. Wanda bai cire kwaɗonsa ba bai fito ba, ko da ka gan shi da idonka a kasuwa. Abin da ake fara koya wa sabon shiga ke nan, tun kafin a ba shi sukundireba.

"Kuma Gauraka bai sa nasa ba."

"Haka rahoto ya ce."

"Ban ga rahoto ba. Kai nake ji, in kana so ka faɗa. In ba ka so, mu bar shi nan."

Ban san lokacin da abin ya taso ba. Ƙirjina ya matse kamar an ɗaure shi da waya. Kunnuwana suka toshe, sai ƙarar nan, ƙarar da nake ji wata uku, birki ya saki. Na ga ɗakin yana sauka. Na riƙe hannun kujera, na ce mata zuciyata za ta tsaya, ta kira motar asibiti.

Ba ta taɓa ni ba. Ba ta tashi ba ma. Ta ce in taka ƙasa da ƙafa biyu, in danna sosai. Ta ce wannan tsoro ne ya cika jiki, yana hawa ya sauka, ba ya kisa. Ta ce in fitar da numfashi a hankali kamar ina hura shayi. Ta ce in faɗa mata abu biyar da nake gani.

Na ce agogo. Tishu. Takalminta. Labule. Wata tsaga a silin da ruwa ya taɓa bi.

Ta ce ta kai ƙarar tsagar nan sau uku, ba a zo gyara ba. Na ji wata 'yar dariya ta fito min ta hanci, ban so ba.

Da numfashina ya dawo, na tarar hannuna yana cikin aljihun wando, ya damƙe abin da ke ciki har yatsuna sun yi fari. Ta gani. Ba ta tambaya ba. Na dubi ƙofa. Inuwar ƙafafun Yaya tana nan a ƙarƙashinta.

Na ciro na ajiye a tebur, kusa da kwalin tishu.

Jan kwaɗo. A jikinsa farar takarda da aka like da salatif, an rubuta GAURAKA da manyan baƙaƙe, rubutunsa mai karkata.

"Ya sa," na ce. "Ya sa nasa."

Daga nan ban ƙara duban fuskarta ba. Kwaɗon na yi wa magana.

Ranar Talata ce, benen ofisoshi mai hawa goma sha biyu. Gauraka yana ramin ƙasa yana canza wani ƙarfe. Manajan benen yana ta kiran Yaya a waya, wai manyan baƙi sun iso ba za su hau matakala ba. Yaya ya hau ɗakin inji ya tarar da kwaɗo a jiki. Sau biyu a baya Gauraka ya taɓa gama aiki ya tafi cin abinci ya manta kwaɗonsa, aka yi ta nemansa. Tun daga nan Yaya ya sa aka yanka masa makullin kowa a ɓoye, ya haɗa su a zobe ɗaya. Doka ta hana. Duk mun sani, ba wanda ya yi magana, don yana rage mana jira.

Malama ta ce, ke nan Yaya ne ya cire.

Na ce shi ne. Da na tsaya a nan, da na fita da sauƙi. Na so in tsaya.

"Sai da ya kira ni tukuna. Ina ƙasa. Ya ce, Auta, Gauraka ya fito?"

Na gaya mata al'adar Gauraka. Ba ya shiga rami da takalmin gida. Yakan cire silifas ɗinsa ya jera a bakin ƙofar lifta, ya sa na aiki. In ka ga silifas yana ciki, in babu ya fito. Har tsokanarsa muke yi cewa ya mai da rami ɗakin surukarsa. Ranar na waiga daga inda nake tsaye, taku goma ne tsakanina da ƙofar. Babu silifas. Mai goge ƙasa ce ta ɗauke su ta ɗora a kan tukunyar fure, daga baya na gan su.

"Taku goma ne, Malama. Ban je na leƙa ba. Na ce ya fito."



Na ce kafin motar asibiti ta iso, Yaya ya same ni a matakala ya cusa min kwaɗon a hannu, ya ce in jefar inda ba mai gani. Ya ce shi ya cire, ni na ce ya fito, igiya ɗaya ta ɗaure mu. Na kasa jefarwa. Na kai shi bakin kwata sau huɗu ina dawowa da shi. Ba na barinsa a gida don kada matata ta gani. Makon da ya wuce matar Gauraka ta kawo mana kayan aikinsa, ta ce kullum tana yi masa faɗan ganganci, ga shi ya bar ta da 'ya'ya uku saboda kwaɗo ɗaya. Ta ce Allah ya yafe masa. Ina tsaye a gabanta da shi a aljihuna na ce amin.

Na jira. Na san ɗayan biyu za ta yi. Ko ta ce ƙaddara ce, kamar yadda kowa ya ce, ko ta tashi ta ɗauki waya. Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta ce wata uku ina ɗauke da wannan ni kaɗai, ba mamaki jikina ya fara ƙin ɗauka. Ta ce maganar laifi, nawa ne nawa, nawa ne na wani, ba ta rana ɗaya ba ce, za mu zauna a kanta, kuma ba za ta yanke min hukunci ba don ba aikinta ba ne. Abin da ya wuce, ni ke da ikon faɗarsa ko riƙe shi.

Sai ta rufe littafinta.

"Zoben makullan nan. Yana ina yanzu?"

Na sake duban ƙofa.

"Yana wurinsa?"

"Yana aljihunsa."

"Akwai masu shiga rami a ƙarƙashinsa wannan makon?"

Mutum huɗu. Na san su, na san matansu. Ɗaya ma bai fi wata biyu da aka yi masa haihuwa ba. Ban taɓa haɗa lissafin nan a kaina ba sai da ta tambaya, ko kuma na haɗa na kau da kai.

Ta ce wannan ba tsohon labari ba ne, yana cikin wuri biyun da ta faɗa min tun farko. Ba za ta kira kowa yau ba. Za ta nemi shawarar wadda ke duba aikinta, ba tare da ambaton sunana ba. Tana so in dawo jibi, kada a jira mako. Tana so mu nemo hanya tare, kuma ta fi son ta fito daga bakina.

"Amma ba zan yaudare ka ba. In makullan nan suka ci gaba da zama inda suke, ba zan iya yin shiru har abada ba."

Yaya ya faɗa. Ya faɗa a mota, ban riƙe ba.

Na ce ta yaudare ni. Ta ce ta gane dalilin da zai sa in ji haka, kuma ina da damar jin haushinta, in zo da haushin jibi. Na ce Yaya ne ya biya min makaranta, shi ya nemo min aikin, shi ya tsaya min a aurena. Na ce Umma tana da hawan jini. Ta saurara duka. Ba ta janye ko kalma ɗaya ba.

Na tura mata kwaɗon da yatsa. Na ce ta ajiye min, ba zan iya komawa mota da shi ba. Ta ce ba za ta iya karɓa ba. Abu ne da wata rana za a iya nema, kuma shawarar abin da za a yi da shi tawa ce. Ta ba ni wata lamba a 'yar takarda, ta ce in tunanin nan mai wucewa ya tsaya ya ƙi wucewa, in kira ko wane lokaci ne, kada in jira jibi.

Ta ce saura minti biyu. Ta tashi ta je teburin rubutu tana duba lokacin da za ta sa ni, ta ba ni baya.

Na ɗauki kwaɗon. Na kai shi bakin aljihu, hannuna ya ƙi. Sai na cusa shi a tsagar kujera, tsakanin matashi da hannu, na danna har ya ɓace. Na ce a raina nan ɗakin sirri ne, ya kwana biyu a nan, ni ma in kwana biyu ba shi.

Ta ce jibi ƙarfe goma. Na ce to.

Yaya yana tsaye da na fito. Ya ƙare min kallo daga sama har ƙasa. Ya yi wa Malama godiya mai yawa, irin wadda yake wa jami'in da ya tsare shi a hanya. Wannan karon bai hana ni matakala ba, ya biyo ni a baya, ina jin takunsa hawa huɗu.

A mota bai tayar da inji ba. Ya ce shi minti goma ya yi, ni me na samu na faɗa har hamsin. Na ce dokarsu ce, ko ka yi shiru sai lokaci ya cika. Ya ce idona ya yi ja. Na ce sanyin ɗakin ne. Ya tambaya me ta tambaye ni, na ce barci da abinci. Me na ce? Abin da ya koya min.

Da ya sake magana muryarsa ta sauko, irin wadda yake min in ba ni da lafiya. Ya ce shi ma ba dutse ba ne, shi ma yana jin ƙarar. Ya ce amma wanda ya tafi ya tafi, in muka faɗi gida uku ne za su faɗi tare da mu, nasa da nawa da na Umma. Ya ɗora hannu a ƙeyata ya ɗan matsa.

"Abin nan dai ka jefar ko?"

"Tun ranar."

"A ina?"

"Kwatar bayan tasha."

Ya saki dogon numfashi. Ya ce Allah ya yi min albarka. Ya tayar da mota, ya sa giyar baya.

Aka ƙwanƙwasa gilashin gefensa.

Sakatariya ce, tana haki, tabarau na lilo a ƙirjinta. Yaya ya sauke gilashi da murmushinsa. Ta ce Allah ya sa ba mu tafi ba, tana gyara matashin kujera kafin mai zuwa ya shiga ta ji abu mai tauri, Malama kuma tana kan waya shi ya sa ta biyo mu da gudu. Ta ɗago hannu, jan kwaɗon yana rataye a yatsanta. Ta sa tabarau ta karanta.

"Waye Gauraka a cikinku?"

Yaya ya miƙa tafin hannu.

"Namu ne. Mun gode."

Ta ajiye masa, ta juya. Ya ɗaga gilashi har sama. Bai dubi kwaɗon ba, ni yake duba. Ya kashe mota, na ji ƙofofin sun kulle duka huɗu.